Shin Hokkien shi ne harshen daular Tang?

"Malam, ina saro takalma daga Jinjiang a lardin Fujian. Abokin cinikina na can yana jin Mandarin, amma da zarar ya juya wajen 'yan'uwansa sai ya koma wani yare da ko kalma ɗaya ba na kamawa, wai shi Hokkien. Ya ce mini nasu ne Sinanci na asali, da shi sarakunan daular Tang suka yi magana, har ya ce da mawaƙan wancan zamani za su dawo duniya, to mutanen Fujian ne za su fahimce su, ba mutanen Beijing ba. Gaskiya ne, ko kishin gida ne kawai?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Tambayarka biyu ce a dunƙule. Ta farko ita ce ko Hokkien daga Sinancin zamanin Tang ya fito, ta biyu kuma ko ya riƙe furucin wancan zamani fiye da Mandarin. Abokinka yana da gaskiya mai yawa a ta biyun. A ta farkon kuwa ya rage wa harshensa shekaru bai sani ba, domin gindin Hokkien ya girmi daular Tang. Abin da Tang ta ba shi daga baya ya zo, ta hanyar makaranta da jarrabawa, ya zauna a kan abin da mutane suka riga suka tsotsa a nono. Duk wanda ya gane wannan ya gane rabin abin da ke ruɗa masu koyon harshen. Kalmomin Hokkien da zan kawo na cire musu alamomin karin sauti don sauƙin karatu, ƙaramin ⁿ kuma yana nufin wasalin ta hanci yake fita.

Abin da ake kira Sinancin tsakiyar zamani

Masana ba su da muryar kowa daga wancan lokaci, littafi suke da shi. A shekarar 601, zamanin daular Sui, wadda Tang ta gada a 618, wani malami mai suna Lu Fayan ya kammala ƙamus na amsa-amo da ake kira Qieyun. A gabatarwarsa ya ba da labarin yadda, kimanin shekara ashirin kafin nan, malamai takwas suka kwana a gidansu suna gardama kan yadda ya kamata a furta haruffan rubutu, tunda mutanen arewa da na kudu kowa da irin karatunsa. Yan Zhitui da Xiao Gai ne suka fi yanke hukunci, shi kuma Lu Fayan yana rubutawa. Littafin ya kasa haruffa gida 193 na amsa-amo, ya kuma raba su bisa karin sauti huɗu: miƙaƙƙe, mai hawa, mai tafiya, da mai shiga. Na ƙarshen nan shi ne na gaɓoɓin da ke ƙarewa da p, t ko k, kuma ka riƙe shi, don kansa za mu fi tsayawa.

Tunda rubutun Sin ba na baƙi da wasali ba ne, dabarar da suka yi ita ce bayyana furucin harafi da wasu haruffa biyu: na farko ya ba da baƙin farko, na biyu ya ba da ragowar gaɓar. Ana kiran dabarar fanqie. Harafin "gabas" an bayyana shi da na "nagarta" da na "ja". Da Hokkien za ka ce tek da hong, ka ɗauki t ka haɗa da ong, ka sami tong, wanda shi ne gabas ɗin. A 1008 daular Song ta fitar da faɗaɗɗen bugu mai suna Guangyun, gida 206, haruffa sama da dubu 26, kuma shi ne muke buɗewa yau da kullum. Chen Li na Guangzhou ya bi sarƙar fanqie ɗin nan ɗaya bayan ɗaya a 1842, sannan Bernhard Karlgren ɗan ƙasar Suwidin, tsakanin 1915 da 1926, ya gwada sa musu sauti ta hanyar kwatanta karuruwan Sin na yau da furucin da Japanawa da Koriyawa da mutanen Biyetnam suka ara.

Idan ka ɗauki Mandarin ko Kantonis ko harshen Shanghai, kusan duk bambancin furuci da ke cikinsu za ka iya bin sawunsa ka koma Qieyun. Cikin manyan rukunai, na harsunan Min ne kaɗai, wato na Fujian, wanda Hokkien yake reshensa na kudu, ya ƙi shiga wannan layi sosai. Dalilin yana cikin tarihin ƙasar.

Yadda Sinanci ya isa Fujian

Mutanen lardin suna cewa ƙasarsu kashi takwas dutse ce, kashi ɗaya ruwa, kashi ɗaya gona. Kai da kake zuwa ka ga haka da idonka. Duwatsun Wuyi sun tare ta daga yamma, kogunanta kuma, Min da Jin da Jiulong, teku suke faɗawa kai tsaye, ba su haɗu da Yangtze ba. Wanda ya shiga ya shiga ke nan, labarin sauye-sauyen da ake yi a arewa sai ya daɗe bai iso shi ba.

Asalin mazauna wurin ba Sinawa ba ne, mutanen masarautar Minyue ne, wadda sarki Wu na daular Han ya rushe a shekara ta 110 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga nan masu magana da Sinanci suka fara shigowa kaɗan-kaɗan, yawanci ta teku da ta kwazazzaban arewa. Wata masarauta ta bayan Han mai suna Wu ta kafa gundumar Jian'an a Fujian a 260. Bayan faɗuwar Luoyang, babban birnin daular Jin, a 311 wasu suka ƙara gangarowa kudu, kuma ana danganta sunan kogin Jin, wanda garin Jinjiang da kake zuwa ya ci sunansa, da daular Jin da suka baro. Sai zamanin Tang: Chen Zheng ya zo da runduna a 669, ɗansa Chen Yuanguang ya kafa Zhangzhou a 686. Sai kuma Wang Chao da ƙanensa Wang Shenzhi, mutanen Gushi a Henan, suka shigo a 885, har aka kafa masarautar Min wadda ta rayu daga 909 zuwa 945.

Waɗannan biyu na ƙarshe su ne madogarar abokinka. Gidaje da yawa a Fujian da Taiwan suna da littafin salsala da ke cewa kakansu daga Gushi ya zo tare da Chen ko Wang. Sai dai tun zamanin Song wani malamin tarihi ɗan lardin, Zheng Qiao, ya lura cewa kowa Gushi yake kira saboda gidan sarauta daga can suke. Runduna ta zo, ba shakka, amma ta tarar da mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna magana da nasu Sinancin, ta auri 'ya'yansu, jikokinta suka tashi da harshen iyayensu mata.

Abin da ya girmi littafin

Ga hujjar da nake fara nuna wa ɗalibai, don ita ce ta fi gamsar da ni. Mutanen Hokkien da ke ƙetare suna kiran ƙasar Sin Tng-soaⁿ, wato duwatsun Tang, suna kiran kansu Tng-lang, mutanen Tang. Sukari kuma thng suke ce masa, da hucin iska bayan t ɗin. Buɗe Guangyun za ka tarar da harafin Tang da na sukari a wuri ɗaya, fanqie ɗaya, karin sauti ɗaya, ba abin da ya raba su. A Mandarin ma furucinsu ɗaya ne, tang. To daga ina Hokkien ya samo bambancin? Ba ƙa'idar da za ta raba abu ɗaya gida biyu haka kawai ba dalili. Kuma ba kalma ɗaya ba ce: kai thau ne da huci, tagulla tang ce babu huci, ginshiƙi thiau, wake tau. Abin da ya ƙara wa hujjar ƙarfi shi ne harsunan Min na Fuzhou da na cikin duwatsu galibi a kan kalmomi iri ɗaya suke sa hucin. Ma'ana bambancin yana nan tun kafin su rabu da juna, kuma harshen da Lu Fayan ya rubuta ya riga ya rasa shi ko bai taɓa samunsa ba. Jerry Norman, Ba'amurken da ya yi aikin sake gina kakan harsunan Min tun daga 1973, a kan irin wannan ya ɗora aikinsa.

Hujja ta biyu tsohuwa ce. Qian Daxin, malamin daular Qing da ya rasu a 1804, ya gano cewa a Sinancin da can babu sautin f, kuma babu jerin baƙaƙen naɗe-harshe da Mandarin ke rubutawa zh da ch. Hokkien har gobe ba shi da f. Dafaffiyar shinkafa png ce, Mandarin fan. Rabawa pun, Mandarin fen. Saki pang, Mandarin fang. Wannan kaɗai bai kai mu gaban Qieyun ba, tunda shi ma a 601 bai san f ba, a tsakiyar Tang ta ɓullo. Amma naɗe-harshen Qieyun ya san shi, Hokkien kuwa t yake da ita a wurin: gora tek, Mandarin zhu, tsakiya tiong, Mandarin zhong, sunan dangin nan Chen, a Singafo da Maleshiya Tan ake rubuta shi. Ganyen shayi ma te ne a Hokkien, Mandarin cha. 'Yan kasuwar Holan daga bakin mutanen Hokkien suka ɗauki te suka kai Turai, shi ya sa muke da ti ta hannun Ingilishi, shayi kuma ya biyo ta Farisa da Larabawa daga furucin arewa. Akwai wanda ya fi wannan tsufa: reshe ki ne, haƙori khi, alhali a Qieyun k ɗin ta riga ta narke ta koma sautin ganɗa, wanda ya ba Mandarin zhi da chi.

Kalmomin ma suna ba da shaida. Tukunyar suya tiaⁿ ce, kalmar da a arewa ta daɗe da komawa sunan kaskon tagulla na bukukuwan sarakunan da, wanda sai a gidan tarihi ake ganinsa. Tsinkayen cin abinci ti ne, ido bak, ci chiah. Chau gudu ne kamar yadda yake a tsofaffin littattafai, Mandarin kuwa ya mayar da kalmar tafiya. Ɗa kiaⁿ ne, kuma wani mawaƙin Tang na ƙarni na 8, Gu Kuang, ya yi waƙa kan yaran Fujian da ake sayarwa bayi, ya sa mata wannan kalma a matsayin suna, ya yi bayani cewa haka mutanen Min ke kiran ɗa. Ka duba wannan da kyau, Alhaji: mawaƙin Tang da kansa sai da ya yi wa masu karatunsa bayanin kalmar Fujian. Tun a lokacin baƙuwar kalma ce a kunnen mutanen fada. Norman da Mei Tsu-lin sun ba da shawara a 1976 cewa ita da wasu 'yan kalmomi daga harshen mazaunan farko suka fito, suna kwatanta ta da con ta Biyetnam, ko da yake wasu masana ba su yarda ba.

Furucin karatu

Yanzu ga inda abokinka yake da gaskiya. Daular Tang ta ƙarfafa jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, kuma tsara waƙa bisa amsa-amon ƙamus yana cikin abin da ake gwadawa. Ɗan Quanzhou, babban birnin yankin Jinjiang, da yake son muƙami dole ya iya furta haruffa yadda ake furta su a Chang'an, birnin da yau ake kira Xi'an, ko aƙalla yadda malaminsa ya ji ana furtawa. Ouyang Zhan, ɗan yankin Quanzhou, ya ci babbar jarrabawar a 792, shekara ɗaya da shahararren marubuci Han Yu. Zuwa zamanin Song, Fujian tana cikin lardunan da suka fi fitar da masu cin jarrabawar, Jianyang ta zama cibiyar buga littattafai, babban malami Zhu Xi ya yi aiki a Tong'an, ya kuma riƙe Zhangzhou a 1190. Quanzhou kanta ta samu ofishin kula da cinikin teku a 1087, ta zama Zaitun ɗin da Ibn Battuta ya ziyarta wajen 1345 ya yaba girman tasharta. Gari mai kuɗi yana gina makarantu, makarantu kuma su suka dasa furuci na biyu a bakin mutane.

Sakamakon shi ne harafi ɗaya yana da karatu biyu, wani lokaci uku. Akwai na gida, akwai wanda suke kira thak-chheh-im, wato sautin karatun littafi. Dutse babba soaⁿ ne a gida, san a littafi. Sama thiⁿ, thian. Fari peh, pek. Koyo oh, hak. Kusa da wannan muna da shi a Hausa, inda kalmar Larabci ɗaya ta shigo sau biyu, ta farko ta bakin fatake ta zama laifi, ta biyu ta hannun malamai ta zama aibi. Bambancin shi ne a Hokkien abin ya game dubban haruffa, kuma mai bayarwa da mai karɓa 'yan gida ɗaya ne.

Furucin karatun nan shi ne yake bin Qieyun sau da ƙafa, ko in ce yake bin Sinancin ƙarshen Tang da ya fito daga tsarinsa. Yadda muka san na ƙarshen Tang ne ba na farkonta ba abin sha'awa ne. A lokacin f ta riga ta ɓullo a arewa, bakin mutanen Fujian kuma ba shi da ita, sai suka maye gurbinta da h. Shi ya sa shinkafar da take png a gida ta zama hoan a littafi, pun ta zama hun, pang ta zama hong. Sunan harshen kansa, Hok-kian, da wannan h ɗin ya fara, inda Mandarin ke cewa Fu-jian.

Kada ka ɗauka furucin karatu a makaranta ya tsaya. Ya sauko kasuwa tuntuni. Lokacin da nake koyon harshen a Xiamen, birni a gaɓar tekun kudancin Fujian, abin da ya fara buɗe mini ido shi ne lambobi. Idan ana ƙirga kaya za ka ji chit, nng, saⁿ, si, go, lak, chhit, poeh, kau, chap. Mutumin nan dai idan zai ba ka lambar waya ko ya faɗi shekara, sai ka ji it, ji, sam, su, ngo, liok, chhit, pat, kiu. Bai san yana canza komai ba. In ka koma Jinjiang ka saurari abokinka yana ƙirga katan, sannan ka saurare shi yana karanto lambar waya, za ka ji zamani biyu a baki ɗaya, ko da furucin yankinsu ya ɗan sha bamban da wanda na rubuta. Haka harafin tafiya: kiaⁿ idan da ƙafa ne, heng a kalmomin ilimi irin su heng-ui, ɗabi'a, hang a gin-hang, banki. Jami'a tai-hak ce, ɗalibi hak-seng, amma yaro idan yana koyon sana'a oh yake yi. Sunan yanka galibi da furucin littafi ake kiransa, sunan dangi kuwa ya danganta: Lim na littafi ne, Tan da Ng na gida ne.

Norman ya nuna cewa hawa uku ne ma ba biyu ba, ya kafa misali da harafin dutse ƙarami. Chioh shi ne na yau da kullum, ya danganta shi da zamanin Han. Siah, wanda ake ji a siah-liu, rumman, ya danganta shi da zamanin daulolin kudu, tsakanin ƙarni na 4 da na 6, lokacin da fada take Nanjing ta yau. Sek shi ne na Tang. Daga hawa na tsakiyan nan ake jin lang, mutum, da i, shi ko ita, sun fito, domin rubuce-rubucen kudu na wancan lokaci suna cike da su. Su kansu malaman Fujian sun daɗe da sanin rabuwar. Ƙamus ɗin Zhangzhou da Xie Xiulan ya fitar a 1818 da jan tawada ya buga furucin karatu, na gida kuma da baƙi.

Waƙar Tang a bakin ɗan Hokkien

A nan ne maganar abokinka take da daɗin ji. Liu Zongyuan yana da gajeriyar waƙa kan wani tsoho mai kamun kifi shi kaɗai cikin ƙanƙara, amsa-amonta haruffa uku ne: yankewa, ɓacewa, ƙanƙara. A Mandarin jue, mie, xue ne, kowanne da karin sautinsa daban. A furucin karatun Hokkien choat, biat, soat ne, duka suna tsayawa cak a kan t, duka a karin mai shiga, kamar yadda mawaƙin ya nufa. Mandarin ya zubar da p, t, k na ƙarshen gaɓa gaba ɗaya, ya watsa kalmomin cikin sauran karuruwan sauti, ya kuma mayar da m ta ƙarshe n. Hokkien yana da sim, zuciya, kim, zinariya, lam, kudu. Kwatanta hak ɗinsa da hak na Koriya da gaku na Japan da hoc na Biyetnam, sannan ka ji xue na Mandarin, za ka ga wanda ya yi nisa. Haka kok, ƙasa, da guk da koku da quoc, Mandarin guo.

Amma ka lura da furucin da na yi amfani da shi. Da na karanta da na gida, ƙanƙara seh ce, t ɗin ta koma hamza, amsa-amon ya lalace. Furucin gida a kalmomi da yawa ya sassauta p, t, k zuwa hamza, ya narkar da m, n, ng cikin wasali. Sam ta zama saⁿ, pat ta zama poeh. Ya riƙe su a wasu, kamar chap da lak da bak, amma ba bisa tsari irin na littafi ba. Ashe abin da ake alfahari da shi a matsayin muryar Tang ya fi zama a hawan da aka aro, tsohon hawan kuwa ya ci gaba da sauyawa abinsa.

Sauye-sauyen kuma ba kaɗan ba ne. M ta farkon kalma ta koma b, n ta koma l, ng ta koma g, idan wasalin ba na hanci ba ne. Haske beng ne, Mandarin ming. Yankin kansa Ban-lam ne, Mandarin Min-nan. A nan Mandarin ne ya riƙe na da. Mandarin ya kuma riƙe bambancin s da sh, wanda Qieyun yake da shi, Hokkien ya haɗe su. Karin sauti huɗu na da ya rabu takwas bisa ziza, wato kaɗawar murya a maƙogwaro, ko rashinta a baƙin farko, Xiamen ta haɗe biyu ta rage bakwai, sannan ta ƙara wani tsari mai wuyar gaske: kowace gaɓa tana canza karin sautinta in ba ita ce ƙarshen yankin jimla ba. Wannan shi ya fi ba baƙo wahala, kuma ƙamus ɗin Lu Fayan bai nuna alamarsa ba.

Don haka da Li Bai, shahararren mawaƙin Tang, zai sauka kasuwar Quanzhou yau, a ganina ba zai fahimci ciniki ba, kamar yadda ba zai fahimci na Beijing ba. Da wani dattijo zai rera masa waƙarsa da furucin karatu, ina jin zai gane amsa-amonsa da karinsa fiye da yadda zai gane su a Mandarin. Sai dai ɗan Guangzhou ma zai yi wannan iƙirari, kuma ta fuskar ƙarshen gaɓa ya fi kowa hujja, tunda Kantonis kai tsaye ya gangaro daga Sinancin ƙarshen Tang, p, t, k da m ɗinsa kuma a maganar gida suke ba sai a littafi ba. Mutanen Hakka ma haka suke faɗa game da nasu.

Iyakar abin da hujja ta kai

Karlgren ya ɗauka Qieyun harshen Chang'an ne. Yawancin masana bayansa, musamman tun binciken Zhou Zumo, suna ganin sulhu ne tsakanin karatun arewa da na kudu, wato mai yiwuwa ba wani mutum guda da ya taɓa furta duk bambance-bambancen da ke ciki. Sautukan da muke sa wa gidajen ƙamus ɗin ma hasashe ne mai hujja, shi ya sa na Wang Li da na Pulleyblank da na Baxter ba su zo ɗaya ba, ko da yake sun yarda a kan p, t, k da m. Lokacin da Min ya rabu da sauran ma ana saɓani, wasu sun kai shi farkon Han, wasu ƙarshenta, wasu kuma suna ganin bambancin thng da tng aro ne daga maƙwabta daban-daban ba gado ba. Ni ina tare da Norman a nan, saboda yadda harsunan Min masu nisa da juna suka yi ittifaƙi kan kalmomin.

Akwai kuma giɓi a rubuce. Tang ta faɗi a 907, amma tsohon rubutun Hokkien mai tsawo da ke hannu wasan kwaikwayo ne da aka buga a 1566, cakuɗe da karin Quanzhou da na Chaozhou. Bayansa sai nahawun da limaman Sifaniya suka rubuta a Manila wajen 1620 daga bakin 'yan kasuwar Zhangzhou, sai ƙamus ɗin Huang Qian na Quanzhou a 1800, sai na Carstairs Douglas a 1873. Abin da ya faru a shekaru ɗari shida da wani abu da ke tsakani, daga kwatanta karuruwan yau ake gano shi.

Abin da ya fi damuna shi ne hawan Tang ɗin shi ne ya fi saurin zaizayewa. Jarrabawar da ta haife shi an soke ta a 1905, makarantun gargajiya da ake haddace littattafai da furucin Hokkien suka ƙare a hankali, Mandarin ya karɓe aji a Fujian, ya karɓe a Taiwan bayan 1945, Singafo kuma ta ƙaddamar da gangamin magana da Mandarin a 1979. Kalmomin da suka riga suka shiga magana, irin su tai-hak da gin-hang da lambobin waya, suna nan daram. Amma iya ɗaukar kowane littafi a karanta shi da furucin karatu ya koma hannun 'yan kaɗan: mawaƙan Nanyin na Quanzhou, kiɗan da UNESCO ta sa a jerinta na gadon al'adu a 2009, masu wasan 'yar tsana ta hannu, masu karatu a wuraren bauta, da ƙungiyoyin rera tsofaffin waƙoƙi. Matasa da yawa idan suka ci karo da harafin da ba su saba ji ba, daga Mandarin suke kintatar furucinsa, ko su faɗe shi da Mandarin ɗin kawai a tsakiyar jimla. Taiwan ta tsayar da rubutun boko na hukuma ga harshen a 2006, ma'aikatar iliminta kuma ta sa ƙamus a intanet wanda yake nuna wane furuci ne na karatu, wane ne na gida, kuma ana iya sauraron kalmomin a ciki. Idan kana son gwada misalan da na kawo, can za ka fara, sannan ka tambayi abokinka yadda mutanen Jinjiang suke faɗarsu, don wasulansu na Quanzhou ne, sun bambanta da na Taiwan da na Xiamen a wurare da dama.